Ban Gaya wa Mama Ba Tukuna

Asabar, bayan la'asar

Wannan littafin awon kwastomomi ne. Na juya shi na fara daga shafin ƙarshe, don ban san inda zan ajiye maganar ba. Karatuna a aji shida ya tsaya, rubutun zai fito yadda ya fito.

Yau mako biyar da kwana uku da Auta. Na rubuta haka na tsaya ina kallo. Sauran kalmar ba za ta fito ba, a bar ta.

Wannan lokacin ya fi kowanne wuya. Yanzu ne take dawowa daga aiki, ta jefa jaka kan yadin mutane, in yi faɗa, ta jawo ƙaramar kujera kusa da keken ɗinki ta ce, "Mama, ara mini kunnenki." Sai ta buɗe kwamfuta ta fara ba ni labarin abin da ta rubuta ranar, layi bayan layi, ni kuma ina sa maɓalli ko ina warware ɗinki. Ban taɓa gane rabinsa ba. Ta ce ba sai na gane ba. In ta iya faɗa mini da Hausar da zan ce "to", aikin ya yi. In ta kasa, akwai ɓaraka a ciki. Sau da yawa tana tsakiyar magana sai ta dafe goshi, ta ce "na kama shi," ta hau danne-danne. Ni ban ce uffan ba, amma ni ake yi wa godiya.

A wani ƙaramin kamfani take, masu rubuta manhajar da ke cikin ƙananan wayoyi masu maɓalli. Ta ce manhajar ce ran wayar, in babu ita ko kunnuwa ba za ta yi ba. Shekara uku tana can. Ba ta yi jami'a ba, da tsohuwar kwamfutar yayanta ta koya, tana sata in ya fita.

Kujerar tana inda ta bar ta. Ina zagaya ta in zan wuce.

Lahadi, da safe

Na share ɗakinta. Ban taɓa teburin ba.

Litinin, da hantsi

Zare baƙi ya ƙare, dole na fita. A kwanar titinmu mutane sun yi cincirindo a teburin mai gyaran waya. Ya tara wayoyi a kwali har sun kusa cika shi, kowace da takarda an ɗaure da roba. Na gane su tun daga nesa, irin waɗanda Auta ke zuwa da su gida ne, masu jan maɓalli a tsakiya.

Ya gaishe ni, ya yi mini ya haƙuri. Na tambaye shi me ya same su.

Ya ce, "Mama, saƙo ne ke shigowa, ya ce ka sabunta wayarka. Ka danna, ta fara, ta yi rabi ta ɗauke. Shi ke nan ta zama dutse. Ko na yi mata filashin, na sake zuba mata manhaja, ba ta amsawa."

Wata mai sayar da ruwan sanyi ta ce duk lambobin masu sayenta suna ciki. Wani dattijo ya ce shi ɗansa ta wannan wayar kaɗai yake kiransa daga inda yake aiki, kwana huɗu ke nan bai ji muryarsa ba.

Na dawo ban sayi zaren ba.

Talata

Ba na son Talata.

Laraba, bayan azahar

Ƙawarta ta wurin aiki ta zo, wadda Auta ke ce wa 'Yar Gilashi. Ta zauna a bakin gado tana ta goge gilashin da gefen mayafi, ta sa, ta cire, ta sake gogewa. Na ce, "'Yata, gilashin nan ya fita. Faɗi abin da ya kawo ki."

Ta ce wayoyi sama da ɗari bakwai ne suka mutu. Dillalan da ke sayar da su sun taso kamfani a gaba, suna so a faɗa musu a rubuce abin da ya faru da wanda ya yi. Manaja ya rubuta wasiƙa, ta gani a kan teburinsa. Wasiƙar ta ce kuskuren daga wata ma'aikaciya ne da ba ta da takardar shaidar karatun aikin, wadda yanzu ba ta tare da kamfanin. Da sunanta cikakke. Kuma daga yau ba za su ƙara ɗaukar wanda ba shi da digiri ba.

Ba ta tare da kamfanin. Haka suka sa.

Ranar Juma'a ta sama za a tura.

Na tambaye ta, "Ita ce ta yi?"

Ta ce, "Mama, rubutun nata ne. Amma ba ita ta tura ba. Bayan, bayan abin ne aka tura." Ita ma kalmar ba ta fito mata ba.

Ta bayyana mini cewa wayar da batirinta ya yi ƙasa ce ke mutuwa, don wuta na yanke mata a tsakiyar sabuntawa. Sai na ce, "To ina mai gadin?"

Ta kalle ni. Na ce Auta ta sa mai gadi a bakin ƙofa. Shi ke fara duba batir, in bai kai rabi ba ya ce a koma a yi caji tukuna. Ta faɗa mini wannan tun bara, ta ce kamar ni ce, ba na sa almakashi a yadi sai na tabbata zai isa rigar.

'Yar Gilashi ta rufe baki da hannu ta yi kuka sosai. Ta ce mai gadin ne babu. An cire shi.

Alhamis, da asuba

Auta ba za ta cire mai gadi ta bar ƙofa a buɗe ba. Yarinyar da ke komowa daga bakin titi ta duba ko ta kashe dutsen guga.

Alhamis, da yamma

Babba, yayan Auta, ya zo da motar kamfanin da yake kai wa kaya, ya ajiye ta a ƙofa ya tare hanya, kamar kullum. Shi ne mai kwalin digiri a gidan nan. Shekara huɗu ya yi yana karanta kwamfuta, ga hoton nan a bango da hula mai igiya. Ya nemi aikin har takalmansa suka cinye, ya gaji ya kama tuƙi. Ƙanwarsa kuma wata rana ta bi wani talla, suka ba ta waya da ta ƙi tashi suka ce ta gwada, ta tashe ta kafin su gama shan shayi, suka ce ta zo Litinin. Bai taɓa cewa komai ba. Amma tun daga lokacin in ta buɗe kwamfuta sai ya tuna yana da wani wuri da zai je.

Na gaya masa zancen wasiƙar. Ya ce, "Mama, ki bar su. Me zai ƙara mata, me zai rage mata yanzu?"

Na ce sunanta ne.

Ya ce, "Ai ba ƙarya suka yi ba. Ba ta da takardar."

Na ci gaba da taka keke. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ba haka nake nufi ba." Na ce na ji. Ya fita bai ci abincin da na rufe masa ba.

Asabar, da hantsi

Na koma sayen zare. A teburin mai gyara musu ake yi, wani malamin makaranta da shi. Ban san yadda zancen ya fito waje ba, amma ya fito.

Malamin yana cewa, "Abin da ake gudu ke nan. Za ka yarda wanda bai yi makarantar likita ba ya yanka ka? To don me za a ba wa wanda ya koya a ɗaki ran wayar mutane?"

Mai gyara ya ce, "Malam, ni wa ya ba ni kwali? Amma taka wayar sau nawa ta kwana a teburin nan? Masu digirin ma nan suke kawo tasu, su tsaya a kaina suna ba ni shawara da Turanci."

"Gyara daban, ƙira daban."

"To ƙirar ma, kwali ne ke danna maɓallin ko yatsa?"

Aka yi dariya. Malamin bai yi ba. Ya ce makaranta ba wayo take koyarwa ba, tsari take koyarwa, yadda in ka faɗi wani zai ɗauki aikinka ya gane inda ka tsaya.

In ka faɗi.

Sai mai gyara ya hango ni, ya yi wa malamin ido. Na gaishe su na wuce. Maganar malamin ta biyo ni har gida, don ba maganar banza ba ce.

Lahadi

Na yi wa wata riga hannu biyu na hagu. Shekara talatin ina ɗinki.

Litinin, bayan la'asar

Babba ya dawo. Bai yi maganar ranar ba, ni ma ban yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Ina kwamfutar?"

Tana cikin jakar, jakar tana cikin ledar da aka ba mu da takalmanta da agogonta. Ban buɗe ledar ba tun da ta shigo gidan. Shi ya kwance ta, ya juya mini baya don kada in ga sauran.

Kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Ya gwada ranar haihuwarta, ya gwada tawa, ta ƙi. Na ce ya gwada sunan da take tsokanarsa da shi tun suna yara, Kan Kwakwa. Ta buɗe. Ya ƙura wa allon ido. Sannan ya ce, "Ji 'yar rainin hankali."

Ya kai awa biyu yana dubawa. A kujerarta ya zauna, ban hana shi ba. Ya ce akwai wurin da ke ajiye tarihin duk canjin da mutum ya yi, da rana da lokaci, kuma mai aikin kan bar ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Na kamfani da Turanci take rubutawa. Amma a ƙarshen kowanne akwai layi ɗaya da Hausa.

Ya juyo mini da allon. Wannan kam na iya karantawa da kaina.

Mama ta ji.

Ya gangara ƙasa. Mama ta ji. Mama ta ji. Mama ta ji, ta ce in daina cin farce. Mama ta ji, amma barci take. Ya ƙirga, ɗari biyu da goma sha huɗu cikin shekara uku.

Ya ce, "Mama, wallahi rabin abin da ta rubuta a nan sai na zauna da littafi kafin in gane. Ba a koya mana wannan ba."

Sannan ya je na ƙarshe, inda aka cire mai gadin. Da hannunta ta cire. Ƙarƙashinsa ba a rubuta Mama ta ji ba.

Ban gaya wa Mama ba tukuna.

Ya karanta mini ranar da lokacin. Na ce ya rufe.

Talata

Talata ce. Ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, in ji kwamfutar.

Laraba, da safe

'Yar Gilashi ta kira, Babba ya karanta mata abin da ya gani. Ta ce yanzu ta gane. Dillalai sun daɗe suna ƙorafi cewa mai gadin ya cika tsanani, mutane ba sa samun cajin da ya kai rabi, waya ta yi ta ƙin sabuntawa. Manaja ya ce wa Auta ta sassauta shi. Ita kuma ta ce za ta cire tsohon ta ɗora sabo mai wayo, wanda ko wuta ta yanke wayar za ta koma inda take. Ta cire tsohon. Sabon ne ba ta kai ga sawa ba.

Wanda suke kira Injiniya shi ya karɓi aikinta. Dillalai na jira, Manaja na tsaye a kansa, ya ɗauki na ƙarshe da ta bari ya gwada, ya ga yana tafiya, ya tura.

Na san yaron. Ya zo mana gaisuwa, ya zauna a tabarmar waje ya kasa ɗaga kai. Auta kan ce yana da digiri biyu da kirki ɗaya, amma kirkin babba ne.

Na ce ta gaya wa Manaja ina so in gan shi kafin Juma'a. Ta ce, "Mama, za ki iya?" Na ce ban sani ba.

Laraba, bayan magariba

Na goge mayafina mai ruwan toka. Na sake goge shi.

Ina ta tunanin maganar malamin nan. Lokacin da ta gama sakandare sakamakonta ya fi na yayanta kyau. Mahaifinsu bai daɗe da barinmu ba, Babba yana shekara ta biyu, keken nan ɗaya ne. Na ce ta jira ya gama. Ta ce ba komai. Da ya gama ta riga ta sami aikin, ta ce, "Mama, me zan je nema kuma?" Na ji daɗi da ta faɗi haka, don ya sauke mini nauyi. Da ta je, wataƙila da an koya mata yadda ake rubuta "kada a taɓa" da yaren da masu digiri ke ji. Da ba ta rubuta sunana a wurin ba.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta duka, ko hannuna zai gaji.

Ofishin a bene na biyu yake, saman wani shagon tayoyi. Ɗaki ɗaya ne dogo da fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Na ga teburinta ba tare da an nuna mini ba, akwai tsumman da na yi mata da ragowar yadi don goge allo, an ninke shi an ajiye a gefe. Jikin bango akwai katako da wayoyin gwaji kusan ashirin a jere, kowace da lamba a bayanta, kowace da igiyar caji a gindinta.

Manaja ya tarbe mu da mutunci. Mutum ne mai furfura kaɗan, idanunsa sun faɗa, da gani shi ma ba ya barci. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce Auta 'yarsa ce, shi ya ɗauke ta da hannunsa lokacin da kowa ke ce masa kada ya yi. Ya ce, "Mama, mutum goma sha ɗaya ke ci a ɗakin nan. In dillalai suka janye, mun rufe. Suna son suna. Ita kuma, Allah ya ji ƙanta, ba abin da zai same ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zai sama."

Babba ya buɗe kwamfutar ya nuna musu layukan. Ya yi magana da irin Turancinsu, a tsaye, ban taɓa jin sa haka ba. Suka matso suna karantawa. Wani ya yi 'yar dariya a wurin cin farce, ya haɗiye ta.

Manaja ya ce, "Na gani. Amma wannan ba tsarin aiki ba ne. Akwai yadda ake sa alama cewa abu bai kammala ba, duk wanda ya yi makaranta ya san shi. Wa zai ga an rubuta zancen Mama ya san ana nufin kada a tura? Abin da nake faɗa ke nan a wasiƙar."

'Yar Gilashi ta ce, "Yallaɓai, tsarin makarantar ya ce mutum biyu su duba kafin a tura. Shekara uku wa ya taɓa duba nata? Mun bar ta ita kaɗai don ba ta kuskure. Da ta rasa mai dubawa a nan, ta samo a gida."

Manaja ya ce ba da ita yake magana ba.

Na nuna katakon bango na tambaya ko a kan waɗannan aka gwada. Injiniya ya ce e. Na ce, "Duk a jone suke da wuta, ɗana. A unguwarmu ban san mai wayar da ke kwana a jone ba." Ya kalli katakon kamar yau ya fara ganinsa.

Sai Manaja ya ce abin da na san wani zai ce. Ya ce, "To in ƙa'idarta ce sai ta gaya miki, me ya hana ta gaya miki wannan? Ta cire abu mai haɗari haka ta tafi ta bar shi?"

Ban yi niyyar faɗa ba. Ko Babba bai sani ba. Ko littafin nan ban gaya wa ba.

Ranar Talatar ina da kayan makaranta guda goma sha biyu da za a karɓa da safe. Bel ɗin keke ya tsinke tun azahar, na ɗaure shi da waya yana ta zamewa, kaina kamar zai rabe. Ta shigo ta jefa jaka, ta jawo kujera, ta ce, "Mama, ara mini kunnenki, yau babba ne." Ban ko ɗaga kai ba. Na ce, "Don Allah ki raba ni da surutun nan. Gobe." Ta yi dariya ta ce, "To, Hajiyar ɗinki, gobe." Ta danna wani abu kaɗan ta rufe kwamfutar, ta ɗauki riga ɗaya ta fara sa mini maɓalli. Guda bakwai ta sa wa. Da safe ta fita ina barci, fitar da ba ta dawo ba ke nan.

Haka na faɗa musu, a gaban mutum goma sha ɗaya. Na ce ba ta bar aiki a buɗe don rashin takarda ba. Ta zo a duba mata, mai dubawar ce ta kore ta. Na ce in suna neman sunan da za su ba dillalai, ga nawa, ni ma ba ni da digiri, zai shiga wasiƙar daidai ba sai an canza komai ba.

Fankar nan ɗaya tana ta juyawa.

Injiniya ya ce, a hankali, "Na ga layin. Na karanta shi kafin in tura. Na ɗauka irin wasanninta ne." Ya ce bai koma baya ya ga sauran ɗari biyun ba, da ya koma da ya gane. Ya ce minti biyar kawai dubawar za ta ɗauke shi.

Manaja ya ce zai yi tunani. Ya raka mu har bakin bene.

A mota Babba bai kunna rediyo ba. Da muka tsaya a ƙofa ya ce, "Mama, ko kin saurare ta ranar, da safen nan za ta fita." Na ce na sani. Na sani ɗin, amma sanin bai kai inda ciwon yake ba.

Juma'a, da yamma

Ba a tura ba, in ji 'Yar Gilashi. Ba a kuma yaga ba.

Lahadi

Na sa wa riguna maɓalli. Na ci abinci kaɗan. Maƙwabciya ta shigo ta yi ta labarin jikarta, na ji daɗin hayaniyar.

Litinin, bayan azahar

Injiniya ya zo shi kaɗai. Ya ƙi shigowa, ya tsuguna a bakin ƙofa da takalmansa masu tsada. Na ce ya tashi kada maƙwabta su ce bikon wata ya zo. Ya yi murmushi ya shigo.

Ya ce ya sami sabon mai gadin da Auta ta fara, a wani wuri daban cikin ajiyarta, ya kusa kammala. Shi da 'Yar Gilashi suna ƙarasa shi, kuma sun gano hanyar tashin wayoyin da suka mutu in an buɗe bayansu. Za su koya wa masu gyara na titi. Ya ce, "Mama, na yi shekara shida a makaranta, ban taɓa tunanin a yi shi ta hanyar da ta bi ba."

Ya ce ya gaya wa Manaja in suna dole ne, a sa nasa, shi ya danna. Manaja ya ce in aka sa sunan mai digiri biyu dillalai za su ce to wa ya rage.

Na tambaye shi ko yana da uwa. Ya ce tana nan. Na ce ya je ya gaya mata duk abin da ya faru, ko ba za ta gane ba.

Laraba

Shiru.

Alhamis, da hantsi

Babba ya kawo sabon bel ya sa wa keken da kansa. Ya tambaya ko zai iya tafiya da kwamfutar na kwana biyu, yana so ya karanta abin da ta rubuta tun daga farko. Na ce ya mayar da ita ranar Asabar. Ya ce, "In na kasa ganewa fa?" Na ce ya tambayi 'Yar Gilashi, ba ta cizo.

Asabar, bayan azahar

Wasiƙar ta fita jiya. 'Yar Gilashi ta kawo mini kwafi, ta karanta da Turanci ta juya mini da Hausa, na sa ta maimaita.

Wasiƙar ta ce kamfani ya tura aikin da ba a kammala ba, ba tare da mutum na biyu ya duba ba, kuma an gwada shi a kan wayoyi masu cikakken caji kaɗai. Ta ce laifin na kamfani ne, za a tashi kowace waya kyauta. A ƙasa an bar zancen digirin, daga yanzu sai mai shi za su ɗauka. Wannan Manaja ya ƙi cirewa. 'Yar Gilashi ta ce ke nan da Auta za ta zo yau, a bakin bene za a tsayar da ita. Ta ce ba ta gama faɗa da shi a kan wannan ba. Na ce ta ci abinci tukuna.

Da ta tafi na ɗauki takardar na bi ta da yatsa, layi bayan layi. Turancin ba na ji, amma sunan 'yata ko a cikin duhu zan gane shi. Na bi har ƙasa, na juya bayanta, na sake bi daga sama.

Babu shi.

Tun tana aji ɗaya nake neman sunanta a takardu, a jerin waɗanda suka ci jarrabawa, a allon makaranta. Yau ne na fara nema ina roƙon kada in samu.